Shin Dole Sai An Sauke Inji Kafin A Canza Kuloci Da Kamshaf?

Darasinmu na yau ya ɗan fita daga kan waya da kwamfuta ya koma gareji, amma za ka ga wayarka tana da aiki a ciki kafin mu kammala.

Akwai wata magana da duk mai mota ba ya son ji daga bakin makanike, wato "sai mun sauke inji". Da ya faɗi haka, kuɗin aiki ya hau, motar za ta kwana a gareji, kuma in ka zo sayar da ita wata rana, tambayar farko da dillali zai yi ita ce ko an taɓa sauke injinta. Matasa da yawa da ke haya da Golf, ko waɗanda aka bar wa motar gida su kula da ita, sukan amsa da "to" kawai don ba su san abin da za su tambaya ba.

Tambayarmu ita ce: idan kuloci ya ƙare, kamshaf ma yana buƙatar canji, shin a sauke injin gaba ɗaya a yi aikin biyu a ƙasa, ko a yi su injin yana zaune a mazauninsa? A mafi yawan motocin da ke kan titunanmu ba sai an sauke ba. Akwai kuma motocin da saukewar ita ce hanya mafi sauƙi. Abin da ke raba su shi ne yadda injin ya zauna a cikin mota da kuma wurin da kamshaf yake a cikin injin.

Ina kuloci yake, ina kamshaf yake?

Kuloci yana tsakanin inji da giyabos. A ƙarshen kiranshaf akwai wani faifan ƙarfe mai nauyi da ake kira filawil. Filet ɗin kuloci yana manne da shi, murfin matsi yana danne filet ɗin da ƙarfin sifirin, sai rilis boris da ke tura sifirin ɗin idan ka taka feda. Takawarka ce ke raba inji da giyabos don ka samu ka canza giya. Duk waɗannan suna ɓoye a cikin bakin giyabos mai kama da ƙwarya, don haka babu yadda za a kai gare su sai an raba inji da giyabos. A lura da kyau: raba su ake buƙata. Ko dai a janye giyabos a bar inji, ko a ɗaga inji a bar giyabos. Wannan bayani na mota mai giyar hannu ne. Mota otomatik ta gargajiya ba ta da irin wannan kuloci.

Shi kuwa kamshaf sanda ce ta ƙarfe mai ƙusoshi masu siffar ƙwai. Idan tana juyawa, kowane ƙusoshi yana danna bawul ya buɗe, sifirin ya mayar da shi. Injin mota yana aiki da bugu huɗu: ya shaƙi iska da mai, ya matse, ya ƙone, ya fitar da hayaƙi. Kiranshaf yana juyawa sau biyu kafin a kammala waɗannan huɗun, kamshaf kuma sau ɗaya. Ke nan idan allurar injinka tana kan 3,000, kamshaf yana juyi 1,500 a minti. Taimin bel ko taimin cen ne ke riƙe da wannan daidaito, kuma a galibin injuna yana ɗaya ƙarshen injin, nesa da kuloci.

Ka riƙe wannan: kuloci yana ƙarshe guda, taimin yana ɗaya ƙarshen. Aikin biyu ba a wuri ɗaya suke ba.

Yadda inji ya zauna shi ke yanke hukuncin kuloci

Buɗe bonet ka duba. Idan injin a gicciye yake, wato tsawonsa daga tayar dama zuwa ta hagu, motarka mai jan gaba ce, irin su Golf 3, Peugeot 406 da Corolla. A nan giyabos yana gefen injin. Makanike zai cire batir da akwatin iska, ya cire kik, ya zare shaf ɗin tayoyin gaba, ya kwance wayar giya, sannan ya rataye injin da sandar ƙarfe daga sama ko ya tokare shi daga ƙasa, ya sauke giyabos kaɗai. Wasu motocin sai an sassauta gadon ƙarfen da ke ƙarƙashin inji kafin giyabos ya samu hanyar fita. Aiki ne mai gajiyarwa, amma injin bai bar wurinsa ba, ruwan lagireto da bututun fetur da yawancin wayarin ba wanda ya taɓa su.

Idan injin a miƙe yake daga gaba zuwa baya, kamar na Hilux, giyabos yana bayansa a ƙarƙashin mota. Za a cire dogon shaf da ke kai ƙarfi ga tayoyin baya, a kwance sandar giya daga ciki, a ja giyabos baya a sauke shi. Wannan ya ma fi na mai jan gaba sauƙin kai hannu, sai dai giyabos ɗin mai jan taya huɗu yana da nauyi sosai, yana buƙatar jak na musamman ko rami.

Sai rukuni na uku, inda ɗaga inji ya fi sauke giyabos sauƙi. Volkswagen Beetle, wadda aka fara harhaɗawa a Legas a 1975, injinta a baya yake, iska ce ke sanyaya shi, kuma ɗauri huɗu ne ke riƙe shi da giyabos. Hanyar canza kulocinta ita ce a sauke injin, kuma aiki ne na ɗan lokaci. Peugeot 504, wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun 1975, salun ɗinta tana da wani bututun ƙarfe da ya haɗa giyabos da akwatin tayoyin baya, dogon shaf yana juyawa a cikinsa. Wannan bututu yana hana giyabos ja da baya cikin sauƙi, shi ya sa makanikai da yawa suka fi son su ɗaga injin ta sama. Motocin Subaru ma haka: injinsu a kwance yake da silinda hagu da dama, gajere ne, kuma masu gyara da yawa suna ganin fitar da shi ya fi kokawa da giyabos mai jan taya huɗu.

Wurin da kamshaf yake shi ke yanke hukuncin ɗaya aikin

Injunan zamani galibi kamshaf ɗinsu a saman tof silinda yake, ƙarƙashin murfin da kake buɗewa ka zuba baƙin mai. Wasu suna da guda ɗaya, kamar injin Golf 3 mai lita 1.8 da bawul 8. Wasu suna da biyu, kamar injin 1ZZ-FE na Corolla ƙirar 2003 zuwa 2008, mai amfani da taimin cen. A irin waɗannan za a cire murfin sama, a juya inji a daidaita alamomin taimin, a sassauta abin da ke ɗame bel ko cen, a kwance ƙananan murafun da ke riƙe da kamshaf, a ɗaga shi sama. Makanike yana tsaye a gaban mota zai yi wannan aikin. Sauke inji ba zai ƙara masa komai ba sai ɗan sararin hannu.

Tsofaffin injuna da wasu manyan injunan Amurka tsarinsu daban ne. Kamshaf yana cikin bulok, yana tura wasu 'yan sanduna da ke hawa sama su danna bawul. Injin 504 mai cc 1,971 haka yake. Irin wannan kamshaf ba ya fita ta sama, zare shi ake yi ta gaban injin kamar zare takobi daga kube, don haka yana buƙatar fili a gabansa daidai tsawonsa. Sai an cire lagireto da duk abin da ke gaban injin, an cire murfin taimin, an kuma ɗauke tafet daga kansa. A Amurka masu son ƙara wa mota ƙarfi suna canza kamshaf na injunan V8 na General Motors da ake kira LS, wanda ya fara fitowa a Corvette ta 1997, kuma da yawansu suna yi injin yana cikin mota, bayan sun cire lagireto sun kauda abin sanyaya iskar AC. Ke nan ko a wannan tsarin ma saukewa ba tilas ba ce, in dai akwai fili.

Inda ta zama tilas shi ne irin Beetle. Kamshaf ɗinta yana ƙarƙashin kiranshaf, a tsakiyar bulok mai ɓari biyu. Ba za a taɓa shi ba sai an sauke injin an tsaga bulok ɗin gida biyu.

Lissafin da za ka yi

Hujjar masu cewa a sauke ita ce tunda aiki biyu ne, gara a yi su lokaci guda a ƙasa. Wannan hujja tana aiki ne kawai idan aikin biyu suna da matakai iri ɗaya masu yawa. Ɗauki takarda ko manhajar rubutu a wayarka, ka jera matakan canza kuloci a gefe guda, na kamshaf a ɗaya gefen, ka ga nawa ne suka haɗu.

A Corolla ko Golf, abin da suka haɗu a kai bai wuce cire kan batir da akwatin iska ba. Idan aka ce a sauke injin, sai an ƙara matakan da babu ɗaya daga aikin biyu da ya nema: zubar da ruwan lagireto, kwance bututun fetur, kwance salansa, zare soket-soket na wayarin, kauda fanfon sitiyari da kwamfiresan AC, da cire duk injin sit. Aiki ya ƙaru, kuɗi ya ƙaru, babu riba.

A 504 kuwa lissafin ya juye. Kuloci yana son a ɗaga inji, kamshaf yana son a cire lagireto a samu fili a gaba, ɗaga injin ma yana son a cire lagireton. Sauke shi sau ɗaya ya biya buƙatun biyu, makanike kuma ya samu ya daidaita taimin yana kallon alamomin da idonsa. A nan wanda ya ce a sauke ya faɗi gaskiya.

Dalilin da zai sa a sauke ko da tsarin bai nema ba

Kamshaf ba kamar kuloci ba ne. Kuloci an yi shi ne don ya cinye a hankali kamar takalmin birki. Kamshaf kuwa an yi shi ne ya rayu tsawon ran injin. Idan ya cinye, akwai abin da ya ci shi, kuma kusan kullum maganar baƙin mai ce: ko an daɗe ba a juye ba ya zama kwalta ya toshe hanyoyi, ko ya yi ƙasa, ko gurɓatacce ne, ko fanfon mai ya yi rauni. Tof silinda shi ne wuri mafi nisa daga fanfo, shi ya sa yake fara nuna alamar yunwar mai.

Saboda haka kafin a yanke hukunci, a juye baƙin man a cikin tsaftataccen kwano a duba shi a rana, a yanka filtar mai a buɗe takardar cikinta. Idan aka ga garin ƙarfe yana ƙyalli, ƙarfen da kamshaf ya zubar ya zagaya injin, mai yiwuwa ya kai ga metal ɗin kiranshaf. A wannan halin sa sabon kamshaf a kan injin da ba a wanke ba asarar kuɗi ce, domin abin da ya ci na farko zai ci na biyu. Nan ne sauke inji, a buɗe ƙasansa, a wanke hanyoyin mai, a auna metal, ya zama dole. Haka kuma idan injin yana hayaƙi shuɗi yana shan mai, ko yana bugawa daga ƙasa, aikin ya riga ya wuce kamshaf.

Wani abin dubawa: a yawancin injunan zamani kamshaf yana juyawa ne kai tsaye a kan alminiyon tof silinda. Idan mazauninsa ya karce sosai, tof silindan ne za a canza ko a kai wa masu injin gyara. Wannan ma ana cire shi bulok yana cikin mota.

Abin da saukewa ke iya jawowa

Motar da ta shekara ashirin tana shan zafin rana, robobin soket ɗinta sun bushe, taɓa su kaɗan sai su karye. Bututun ruwa da ya daɗe a manne ba lallai ya koma ya riƙe ba. Wayar as da aka manta ba a ɗaure ba tana iya sa kik ya yi nauyi ko sensa su riƙa ba da karatun ƙarya. Idan aka buɗe bututun AC, gas ya tafi, sai ka sake biya. Duk mai rubuta manhaja ya san cewa idan ka canza abu ashirin a lokaci guda sannan kuskure ya fito, gano wanda ya jawo shi aiki ne babba. Haka motar da aka sauke injinta ta dawo da fitila a kunne. Kada garin neman gira a rasa ido.

Aikin wayarka kafin ka je gareji

Na farko, san sunan injinka. Galibin motoci tun daga 1981 suna da lambar VIN mai harafi da lamba 17, a ƙasan gilashin gaba ɓangaren direba ko a jikin ƙofa. Idan motar daga Amurka ta zo, hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasar, NHTSA, tana da shafin da za ka sa lambar kyauta ya ba ka shekara da irin injin. Ka tuna motoci da yawa a nan an riga an canza musu inji, don haka ka gwada da lambar da aka buga a jikin bulok. Da sunan injin za ka nemi littafin gyara irin na Haynes, ko bidiyon aikin a YouTube, ka ga da idonka ko giyabos ake saukewa ko inji.

Na biyu, tabbatar kamshaf ɗin ne ya lalace. Motocin Amurka tun daga 1996, da na fetur na Turai tun daga 2001, suna da soket mai ƙafa 16 a ƙarƙashin sitiyari. Ƙaramar na'ura mai suna ELM327 tana shiga nan ta haɗu da wayarka ta Bluetooth, ka karanta lambobin matsala da manhaja irin Torque ko Car Scanner. Lambar P0340 tana nufin matsala a sensan kamshaf ko wayarsa, kuma sensa abu ne ƙarami da ake cirewa daga waje. P0016 tana nufin kamshaf da kiranshaf ba su yi daidai ba, wanda sau da yawa cen ne ya miƙe ko bel ya tsallake haƙori. P0011 tana da alaƙa da na'urar da ke sauya taimin, kuma dattin mai kaɗai yana iya kawo ta. Kalmar kamshaf ta fito a duka ukun, amma babu wadda ta ce sandar kanta ta cinye. Hujjar cinyewa ita ce a buɗe murfin sama a ga ƙusoshi ya goge ko ya karce. Ka ce a buɗe a gabanka, ka ɗauki hoto.

Na uku, gwada kulocin da kanka, domin galibi ba ya ba da lamba. A kan titi mai sarari, kana tafiya a hankali, sa giya ta huɗu ka taka totur sosai. Idan ƙarar inji ta tashi allura ta hau amma gudun mota bai ƙaru ba, kuloci yana zamewa, ya ƙare. Idan kuwa feda ce ta yi laushi ko giya ke ƙin shiga, a fara duba ruwan kuloci da fanfunansa na sama da na ƙasa, ko wayarsa a motar da ke da waya. Waɗannan ana gyara su ba tare da an raba komai ba.

Idan kun zauna da makanike

Ka yi tambaya cikin girmamawa, mutum ne da ya fi ka sanin ƙarfe. "Oga, mene ne ba za ka iya kaiwa ba idan injin yana ciki?" Makanike nagari zai nuna maka da yatsa. Idan amsarsa ita ce ba shi da sandar rataye inji ko rami, to matsalar kayan aiki ce, kana iya neman garejin da ke da su. Ka nemi kuɗin aikin hanyoyin biyu daban-daban.

Ko wace hanya aka bi, tun da giyabos ya rabu da inji, a canza kulocin saiti guda: filet, murfin matsi da rilis boris. A duba fuskar filawil, a canza oyil sil ɗin bayan kiranshaf, domin ƙaramin abu ne mai araha da in ya yoyo zai jiƙa sabon kulocin, kuma ba a kai masa sai an maimaita aikin duka. Kada a hure ƙurar kuloci da baki ko da iska, tana cutar da huhu. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

A ɓangaren kamshaf, sabo yana tafiya ne da sababbin tafet ko roka. Murafunsa suna da lamba, kowanne wurinsa zai koma, a ɗaure su bi da bi da sifana mai auna ƙarfi. A shafa mai a jikinsa kafin a rufe, a zuba sabon baƙin mai da sabuwar filta. Kafin a yi kik, a juya injin da hannu zagaye biyu cikakku a sake duba alamomin taimin. A injuna da yawa fistin da bawul suna amfani da fili ɗaya a lokuta mabambanta, idan taimin ya kauce sai su yi karo bawul ya lanƙwashe, aikin ya koma gyaran gangar auzinawa. Idan an sauke injin, ka ɗauki hoton kowane soket da bututu kafin a cire, a liƙa musu salatif mai lamba.

A taƙaice, duba zaman injinka, gano inda kamshaf yake, sannan ka binciki abin da ya cinye shi. Inji a gicciye mai kamshaf a sama da baƙin mai mai tsafta, a bar shi a wurinsa. Inji irin na 504 ko Beetle, ko wanda aka ga garin ƙarfe a mansa, a sauke shi a yi aikin sau ɗaya. A darasi na gaba za mu duba yadda ake haɗa ELM327 da wayar Android da yadda ake karanta lambobin da take nunawa.